Ofis Ɗaya da Suruki

Shekarar da aka ce za a gina mana sabuwar sakatariya, ni aka ɗora wa rabon ofisoshi. Ba wai na fi kowa iyawa ba ne. Ina sashen ayyuka na ƙaramar hukumarmu, ɗaya daga cikin waɗanda ke tsakanin Funtua da Malumfashi, kuma a sashen ni kaɗai ne in an baza zanen gini a tebur ba na riƙe shi kai a ƙasa. Wannan ya ishi ciyaman hujja. Ya kira ni ya ce in zauna da mai zanen da aka ɗauko daga Kaduna, in gaya masa yawanmu, da wanda ke aiki da wane, da inda kowa zai zauna. Na ce to, ranka ya daɗe. Da na fito, matasan ofis suka yi ta yi mini barka kamar an ba ni sarauta. Waɗanda suka daɗe a aiki kuwa jaje suka yi mini.

Tsohuwar sakatariyar ba gini ɗaya ba ce. Tarkacen ɗakuna ne, kowane ciyaman ya zo sai ya jingina nasa a jikin na wanda ya gabace shi, ya shafa fenti, ya kafa allo da sunansa. Sashen kuɗi yana gaba. Na lafiya yana gefen masallaci. Na ilimi yana wani ɗaki da aka ce a da wurin awon auduga ne. Sashen gona kuwa rabuwa ya yi gida uku: ofishin shugaba a bakin ƙofar shiga, malaman gona a wani dogon ɗaki mai yoyo, sito kuma can ƙurya, bayan garejin da matattun motoci ke kwance, inda ake ajiye taki da iri da maganin feshi. Takarda ɗaya sai ta wuni tana zagaye a hannun masinja. Da damina sai mutum ya naɗe wando ya tsallake ruwa kafin ya kai ga wanda zai sa masa hannu. Kowa yana ƙorafi, ni ma ina cikin masu yi.

Sai da na fara bi ɗaki ɗaki ina tambayar mutane na gane cewa wannan warwatsuwar tana rufa wa wasu asiri. Akwai waɗanda suka ɓata tun wani zaɓe, ba sa ga maciji, amma aiki yana tafiya saboda akwai fili a tsakaninsu. Akwai mai barcin rana da ya san ba mai leƙa ɗakinsa. Waɗannan ba su dame ni ba. Waɗanda suka tsaya mini a rai mutum biyu ne a sashen gona.

Na farko dattijon da ke riƙe da sito. Mutumin wajen Gozaki ne, siriri, mai furfura a gemu, ba ya ɗaga murya. Kowa Baba mai sito yake ce masa, har ciyaman. Tun yana saurayi yake wannan aikin, kuma ritayarsa ta kusa. Ba shi da burin da ya wuce ya cika shekarunsa daidai. Ya ga abokansa da yawa an sallame su kafin lokaci, wani bincike ya ci shi, wani siyasa ta ture shi. Shi so yake a ce ya shiga lafiya ya fita lafiya, a ranar da doka ta yanka masa. Duk wanda ya zauna da shi na ɗan lokaci ya ji wannan daga bakinsa.

Na biyu shugaban sashen gona, wanda ke auren babbar 'yar Baba. Lokacin da ya aure ta ƙaramin malamin gona ne, yana bin ƙauyukan wajen Dayi a kan wani tsohon babur yana koya wa manoma tazarar shuka. Daga baya ya tafi Zariya ƙaro karatu, ya dawo, aka yi ta ɗaga shi har ya zama shugaban sashen. Wato a takarda shi ne maigidan uban matarsa. A gida kuwa ko ruwa ba ya iya sha a gaban Baba.

Yadda suka daidaita abin a tsohuwar sakatariya ya burge ni. Da safe shugaban ba ya shigowa ta gaba. Sai ya zagaya ta baya, ya ajiye mota wajen gareji, ya taka zuwa sito, ya tuɓe takalma tun daga nesa, ya durƙusa ya gaida Baba. Baba ya amsa yana kallon buhunan taki. Daga nan ya sa takalmansa, ya bi ta bayan ɗakin malaman gona, ya ɓullo ta gaba a matsayin shugaba, masinja na karɓar jakarsa. Shi ke nan sun gama ganin juna sai gobe. Duk abin da ya shafi sito a rubuce yake zuwa, a rubuce yake komawa. In an kira taron sashe, Baba yakan ce yana jiran motar taki, kuma ba wanda ya taɓa tambayar ina motar ta tsaya. In ɗaya ya hango ɗaya a tsakar fili, sai ya tuna ya yi mantuwa ya juya. Shekara da shekaru suna haka, Baba yana aikinsa, kunyar da ke tsakaninsu tana nan yadda take ranar ɗaurin aure.

Mai zanen ya zo da kwamfutarsa ya nuna mana ginin tun ba a haƙa ko rami ɗaya ba. Matashi ne mai ladabi, ya san aikinsa. Ya ce yanzu an daina yanka gini ƙananan ɗakuna kamar gidan haya. Kowane sashe babban zaure ɗaya za a ba shi, tebura a jere, iska da haske na ratsawa, shugaban sashe kuma a ɗakin gilashi a ƙarshen zauren, yana ganin kowa, kowa na ganinsa. Kaya za su zauna a sabon sito a baya, amma mai riƙe da sito teburinsa yana cikin zauren tare da sauran, don kada a riƙa yawon nemansa. Ciyaman ya ji daɗin maganar gilashin ƙwarai. Ya ce a tsohon wuri rabin ma'aikatansa sai ƙarshen wata yake sanin suna raye.

Ni da mai zanen mun yi aiki lafiya. Ba mai taurin kai ba ne. Mun faɗaɗa baranda saboda manoman da ke zuwa su wuni suna jira. Mun ware wa babura wuri, mun matso da wurin alwala kusa da masallaci, mun sauko da sashen gona ƙasa don kada a ce wa tsoho mai sanda ya hau bene neman iri. Da na ga yana jin magana, sai wata rana da muka keɓe na gaya masa batun Baba da surukinsa. Ya saurara har na gama, ya yi murmushi.

"Malam, ni ma ina da suruki, na san abin da kake faɗa," in ji shi. "Amma ginin nan jikokinmu za su yi aiki a cikinsa. Dattijon nan ka ce saura kaɗan ya tafi. In na ja bango saboda shi, bayan ya tafi wa zai rushe?"

Gaskiya ya faɗa. Na kai wa ciyaman maganar, ya ce gida daban, ofis daban, kuma su biyun manya ne, za su san yadda za su yi. Kafin in sake tayar da ita, wasu maganganun sun binne ta. Ma'aji yana son ƙarfe a tagoginsa da ƙofar da ba ta kallon baranda. Kansiloli suna son ɗaki kusa da na ciyaman, kowannensu kuma yana son ya fi ɗan'uwansa kusa. Wata Hajiya a sashen lafiya ta ce in na sa ta a bene, alhakin gwiwarta yana wuyana. Wani da ban taɓa sanin ya san gidana ba ya yi mini sallama da sassafe, ya gaida ni, ya gaida yara, ya yaba tumakina, sannan ya ce dama tebur yake so a ƙarƙashin fanka.

Su biyun da abin ya fi shafa ne kawai ba su nemi komai ba. Shugaban ya tare ni sau ɗaya a bakin masallaci, ya tambaya ko gaskiya ne kowane sashe ɗaki ɗaya. Na ce haka ne, yallaɓai. Ya ce har da sito? Na ce har da sito. Ya daɗe yana ɗaura agogonsa, sannan ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Baba kuwa ni na je na same shi. Ya ce, "Ɗaki guda?" Na ce ɗaki guda. Ya ce to, Allah ya kai mu, ya ci gaba da jera kwalaben maganin feshi.

Aka yi ginin, aka gama, kuma ya yi kyau, ban da abin cewa. Farin tayil, manyan tagogi, fanka a kan kowane layi. Abin da na iya yi wa Baba shi ne na kai teburinsa kusurwar da ta fi nisa da ɗakin gilashin, na juya kujerar ta ba gilashin baya, ga kuma ginshiƙi da ya ɗan kare shi. A kan takarda dabara ce mai kyau. Sai dai zauren ƙofa ɗaya gare shi, kuma kusurwar da ta fi nisa da gilashi ita ce ta bakin ƙofa. Duk mai shiga da mai fita sai ya gogi teburin Baba.

Ranar farko ina cikin zauren, ina duba wayar fanka da ɗan kwangila bai ƙarasa ba. Al'adar ofis ce in shugaba ya shigo kowa ya miƙe. Shugaban gona ya turo ƙofa, ma'aikata suka miƙe gaba ɗaya. Baba ma ya miƙe, don shi ma'aikacin da ne, a kan haka aka hore shi tun ba a haifi rabin mutanen zauren ba. Shugaban ya ɗaga kai ya ga uban matarsa a tsaye dominsa. Nan take ya zube, babbar riga ta baje a kan tayil, takalmi ɗaya a cire, ɗaya a ƙafa. Baba ya ga maigidansa na ofis a durƙushe, ya rasa yadda zai yi, ya fara sunkuyawa shi ma. Shugaban ya ƙara yin ƙasa. Sauran ma'aikata suna tsaye, ba damar zama tunda shugaba bai zauna ba, ba kuma damar kallo. Wata malamar gona ta cusa bakin mayafinta a baki, kafaɗunta suna rawa.

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya lau. An tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Baba. Ya ƙarfin jiki?"

"Da godiya. Ya mutanen gidan?"

Mutanen gidan 'yarsa ce da jikokinsa. Aka yi gaisuwar har ƙarshenta, kowa yana kallon wani wuri daban. Sannan shugaban ya tashi ya ratsa zauren da takalma a hannu, ya shige ɗakin gilashi, inda har yanzu kowa yana ganinsa. Ni ma dariya ta ci ni a lokacin. Sai da na fito baranda na ji abin ya dame ni.

Daga ranar kowa ya shiga neman dabara. Shugaban ya koma zuwa tun masu shara ba su gama ba, don kada a sake miƙe masa. Sai ya zama in Baba ya iso, dole ya fito daga gilashi ya ratso zauren ya gaishe shi, abin ya ƙara tsawo. Abinci ya zama wata matsalar. Da azahar ake kawo wa shugaban kula daga gida, girkin 'yar Baba, a wuce da ita ta gaban teburin Baba a ajiye a ɗakin gilashi. Ba ya iya buɗewa. Sai ya ɗauka ya tafi mota, ya rufe tagogi ya ci cikin zafi. Baba kuma ya daina cin goronsa a tebur, sai ya zagaya bayan sito. Ko fita kama ruwa sai shugaban ya yi shawara da kansa, don kowace fita wata rusunawa ce a bakin ƙofa.

Ma'aikata ba su ɓata lokaci ba wajen gano amfanin abin. Shugaban mutum ne mai zafi a aiki, a tsohon wuri har waje ake jin faɗansa. Yanzu ba ya iya ɗaga murya. Duk wanda ya makara ko ya ɓatar da fayil, sai ya je ya tsaya wajen teburin Baba yana tambayarsa yaya dawa ta yi bana. Teburan da ke kusa da Baba, waɗanda da farko kowa ya ƙi saboda ƙofa, suka zama abin rububi. Har gida aka sake biyo ni ana roƙon in mayar da mutum can.

Na gwada abin da zan iya. Na sa aka rataya labule a gilashin. Ba a jima ba sauran shugabannin sassa suka ce su ma labule suke so, ciyaman ya ce to me aka yi ke nan, a cire duka. Na manna manyan hotunan irin masara da na auduga da ake raba wa manoma, suka rufe rabin gilashin, daraktan ma'aikata ya ce sabon gini ba allon talla ba ne. Na nemi a fasa ƙofa ta biyu daga baya, aka ce ɗan kwangila bai miƙa ginin a hukumance ba, ba a taɓa bango. Daga ƙarshe na je wa Baba da shawarar a mayar da shi wani sashe, ko ilimi ko lafiya, ya ƙarasa a can.

"A'a, ɗana," ya ce. "In an ɗauke ni daga sito yanzu, mi mutane za su ce? Ko dai an kama ni da wani abu, ko kuma yaron nan ne ya ture ni. Duka biyun ba na so. Bar ni nan. Saura kaɗan."

Na bar shi.

Watanni suka wuce, aka fara sabawa. Mutum ba zai wuni yana zubewa ƙasa ba, ga aiki, ga baƙi. Durƙuson ya tsaya na safe kaɗai. Daga baya ya koma rusunawa, takalmi a ƙafa, don ana sauri. Daga baya sai hannu a ƙirji da ɗan sunkuyar da kai. Wata rana na wuce na hango shugaban a cikin gilashi da kular a buɗe, ya juya baya yana ci. Faɗansa ma ya fara dawowa kaɗan kaɗan, masu fakewa da Baba suka ga inuwar ta fara yoyo. Ni na ɗauka an sami lafiya ke nan. Har na gaya wa mai zanen a waya cewa ya yi daidai da bai ja bango ba, mutane sun bi gini.

Sai lokacin rabon taki ya zo. Wanda bai ga sakatariya a farkon damina ba bai san cika ba. Manoma tun daga bakin titi har baranda, babura sun cika wurin da muka ware musu sun malalo, kansiloli kowa da mutanensa, masu unguwanni da nasu. An yi ruwan shuka, masara ta fito, kowa gani yake in bai samu a makon ba shekararsa ta tafi. Zauren gona ya cika har ba a jin ƙarar fanka. Turereniya ta ɓalle marfin ƙofar, aka kira ni in duba. Ina tsugune a bakinta, dab da teburin Baba.

Shugaban yana cikin gilashi, mutane sun kewaye shi, waya a kunne. Ciyaman ne a layi ga alama, don yana ta cewa ranka ya daɗe. Mota ta iso da kaya, direba yana ta danna ham a baya. Sai shugaban ya turo ƙofar gilashin da ƙafa, ya leƙo, ya ɗaga murya ta ratsa zauren.

"Mai sito! Kawo makulli mana, ana jira!"

Haka yake kiran kowa in aiki ya yi zafi, mai fayil, direba, masinja. Baba ya ɗan jima a zaune. Sannan ya jawo aljihun tebur, ya ɗauko makullan, ya kutsa cikin mutane har bakin gilashi, ya miƙa da hannu biyu. Shugaban ya karɓa da hagu, bai dube shi ba, yana tauna gyaɗa, ya miƙa wa wani na bayansa, ya ci gaba da waya. Baba ya dawo ya zauna. A cikin hayaniyar nan ba na jin wani ya lura in ba ni ba. Na zuba ido in ga ko shugaban zai farga, ya fito da gudu ya zube. Har aka tashi bai farga ba. Washegari ya shigo, ya sa hannu a ƙirji, ya ce ina kwana Baba, fuskarsa a sake, ya wuce.

Baba ya bari sai da aka gama rabon taki kaf, aka share sito. Sannan wata rana da hantsi ya zo sashenmu, ya yi sallama, ya ce yana son ganina a waje. Muka zauna a kan benci a inuwar masallaci.

"Kai ka san takardu," ya ce. "Yaya ake rubutawa in mutum yana so ya ajiye aiki kafin lokacinshi?"

Na ce wa zai ajiye? Ya ce shi. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na so in manta da wa nake magana. Na ce Baba, tun yaushe kake gaya mana ranar nan kake jira, yanzu da ko shekara ba ta rage ba za ka saki? Na ce in maganar makulli ce, ina wurin, na gani, kuma wallahi bai san ya yi ba. Ka bari in same shi in gaya masa, yau ɗin nan zai zo har gida ya ba ka haƙuri.

"Na san bai sani ba," in ji Baba. "Da ya sani ai da sauƙi."

Ya mayar da ido kan masu alwala, ya ci gaba.

"In ka faɗa mishi, zai zo ya durƙusa, har hawaye sai ya yi, yaron kirki ne. Amma wannan durƙuson kai ka sa shi. In an kwana biyu kuma sai ka sake zuwa ka tuna mishi? Ba laifinshi ba ne. Kullum ina nan a bakin ƙofa kamar benci. Ya ga ina hamma, ya ga ina gyangyaɗi, ya ga darakta ya tsaya a kaina yana yi mini faɗa. Ni ma na ga abin da bai kamata in gani ba."

Na ce duk da haka saura kaɗan, a daure.

"Kaɗan ɗin nan ya isa ya cinye abin da ya rage." Ya juyo ya dube ni, abin da ba ya yawan yi. "Ɗana, ɗiyata tana gidanshi, ita da 'ya'yanta. Ni ba ni da dukiya, ba ni da sarauta, shi kuma kullum gaba yake yi. Zaman aure ka san shi. Ran da suka samu saɓani, abu ɗaya gare ni da zan aika a kira shi da shi, ya zo ya zauna ƙasa ya saurare ni. In na bari ya ƙare a kan makullin sito, da mi zan kira shi?"

Ni ma ina da 'ya'ya mata, ƙanana ne a lokacin. Tausayinsa ya kama ni, kuma na ga ba sauran wata dabarar tebur ko labule da za ta yi amfani.

Na rubuta masa takardar. Da muka zo wurin dalili, ya ce in sa ciwon ƙafa. Na dube shi, mutumin da a ƙasa yake zuwa gonarsa ya dawo. Ya ce ai gwiwar takan ɗan taɓa shi in an yi ruwa, ba duka ne ƙarya ba. Ya sa na yi masa alkawarin ba wanda zai ji wani dalili bayan wannan a sakatariya. Shi ya sa ko a nan ban kama sunan kowa ba.

Dole takardar ta bi ta hannun shugaban sashe, kuma ni na kai masa. Ya karanta, ya sake karantawa, fuskarsa ta canza. Ya duba ta gilashi wajen ƙofa, ba kowa a teburin, Baba ya fita sito.

"Malam, gaya mini gaskiya. Wani ya yi masa wani abu a nan?"

"Yallaɓai, abin da ya ce in rubuta ke nan."

"Ƙafa," ya ce, ya dafe kai. "Kullum ina wucewa ta gabansa ban lura ba. Subhanallahi. Ita ma ba ta gaya mini ba."

Ya ce ba zai sa hannu ba sai ya je gida ya roƙe shi. Ya je, Baba bai sauya ba, ya dawo ya sa hannun. Wata ranar Alhamis Baba ya damƙa makullai ga wanda zai gaje shi, ya bi tebur tebur yana neman gafara, ya ɗauki butarsa ya tafi. Ba a yi taro ba, don taron ban kwana na waɗanda suka cika shekarunsu ne. Teburin na ba wata sabuwar ma'aikaciya, wadda ta yi ta yi mini ƙorafin ƙofa.

Shugaban bai bar maganar ƙafar ba. Ya ɗauki Baba a motarsa ya kai shi asibiti a Funtua, aka yi hoto, likita ya ce shekaru ne, ya rubuta magani. Ya sayo masa man shafawa, ya sayo masa sanda mai kyau, mai roba a gindi, irin wadda alhazai ke dawowa da ita. Ya roƙe shi ya daina zuwa gona a ƙasa. Duk wanda ya tambayi lafiyar Baba a ofis, sai ya girgiza kai ya ce ƙafar nan dai sai addu'a.

Bara da kaka aiki ya kai ni wajen Gozaki duba wata kwalbati, na biya in gaishe shi. Na same shi yana dawowa daga gona da damin dawa a ka, yana tafe kamar mai bin mota. Muka zauna a ƙofar gida a kan tabarma, aka kawo fura. Muka yi hirar sakatariya, wa aka canja, wa ya rasu, ya tambaya ko an gyara marfin ƙofar nan. Muna cikin haka wata jikarsa, 'yar shugaban, ta leƙo ta ce ga motar Abba can ta shigo layi. Baba ya ajiye ludayi, ya gyara hula, ya miƙe ƙafar dama a kan tabarma. Ya ce wa yarinyar ta yi maza ta ɗauko masa sandar nan a bayan ƙofa.